Jigilar Kayan Yaƙi a Ƙasar Kano

Rundunonin Turai a keken doki suke jan abinci da harsashi kafin zuwan mota. A ƙasar Kano kuwa doki na barde ne, ba a ɗaura masa keke. Guzuri da kibau sai jaki, raƙumi da takarkari, saura a kan bayi.

Turawa ma haka suka tarar. Rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, 'yan dako ne suka ɗauko mata kaya. Daga baya Gwamna Lugard ya gwada amalanken shanu daga Zungeru, cuta ta yi wa shanun ɓarna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Yau a Gaya da Ajingi amalanke taki da amfanin gona yake ɗauka.