Tambura da Gangunan Hawan Sarki a Daura

Kowa ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har ya auri Magajiya Daurama, aka haifi Bawo wanda 'ya'yansa suka yi sarautar shida daga cikin Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan cikin birni har wa yau, baƙi na zuwa kallo. To, amma akwai wani abin tarihi a Daura wanda da kunne ake saninsa, watau kiɗan da ake yi in Sarki ya hau, ko da Ƙaramar Salla, ko da Babba, ko da Sallar Gani.

Uban kayan kiɗan sarauta shi ne tambari. Akan sassaƙa shi daga gungumen itace guda, kamar ƙaton akushi mai zurfi, a rufe bakinsa da fatar sa, a ɗaure da tsirkiya ta fata. Ba a buga shi domin biki ko domin talaka, sai Sarki, kuma Sarkin Tambura ke lura da shi. A zamanin yaƙi, in aka ƙwace wa Sarki tamburansa, to, an ƙwace masa girma ke nan. Haka abin yake wajen Buzaye, gama kalmar da suke kiran babbar gangarsu da ita, ita ce kuma suke kiran mulki da ita.

Littafin tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438, wani ɗan sarki mai suna Dagaci ya zo daga Barno da gangunan da ake bugawa bisa doki, da tutoci. Bayansa Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya fito da kakaki. Ashe tun shekara ɗari biyar da suka wuce sarakunan Hausa sun san kiɗan tafiya.

Abin da ya yanke wa kowace ganga girmanta shi ne mai ɗaukarta. Tambarin da ke zaune a fada ba ruwansa da nauyi, saboda haka akan yi shi ƙato. Na hawa kuwa ba su kai shi ba, akan ɗaura biyu bisa raƙumi, ɗaya dama ɗaya hagu, makaɗi na tsakiya. Mai tafiya a ƙasa sai ya rataya ganga a kafaɗa, irin wadda ke rakiyar algaita, mai baki biyu da fatar akuya. Jauje da kotso sun fi ta sirantaka, suna da ƙugu, a gefen jiki ake riƙe su. Masassaƙa sun fi son itacen alilliba, don ba shi da nauyi, ga shi da amo.

Muryar ganga kuwa abu uku ke yanke ta: faɗin baki, da kaurin fata, da ƙarfin ɗauri. Baki mai faɗi da fata mai kauri su ke ba da murya mai zurfi wadda ke zuwa nesa, shi ya sa ake jin tambari tun daga bayan ganuwa. In an tsananta ɗauri sai murya ta hau, in an sassauta ta sauka. Mai jauje da mai kalangu da hammata suke yin wannan, su matse tsirkiya su saki, har ganga ta riƙa hawa da sauka kamar harshen mutum, ta faɗi take sarai. Mai kotso yakan shafa nake a tsakiyar fata don murya ta yi nauyi, ga kuma zaga, siririyar igiyar da ke kwance bisa fata, wadda ke sa ta yi kurman kuka. Iska ma tana da nata hukunci. Da damina fata takan sha raɓa ta saki, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta a wuta. Da hunturu kuwa takan ƙame har ta tsage in ba a shafa mata mai ba.

Jihadi ya taɓa wannan sana'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan Haɓe da yawan kaɗe-kaɗe, amma ya yarda da gangar yaƙi da ta tara jama'a. A 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura, tsohon gidan sarauta ya fita, daga baya zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure. Sai a 1906 Turawa suka komo da Malam Musa birni. Duk da wannan juyi na shekara ɗari, kiɗan fada bai mutu ba, gama kowane Sarki yana bukatar abin da zai shaida wa jama'a fitowarsa.

Turawa, da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun zo da nasu kiɗan, wanda Hausawa suka sa wa suna badujala. Akwai ƙaramar ganga mai faɗin kamar inci 14, da babba mai kamar inci 28 wadda ake rungumewa a ƙirji. Aikinta dabam ne. Gangar Hausa kirari take yi, ita kuwa badujala ƙafa take ƙirga wa soja don su taka tare. Da farko da igiya ake ɗaure ta kamar tamu, sa'an nan aka koma ga ƙusoshin ƙarfe masu juyawa. Wajen 1957 kuma aka fara yin fatar roba a Amurka, wadda ba ruwanta da damina ko hunturu. Abin mamaki, su ma Turawa wajen Larabawa da Turkawa suka samo gangunan nan biyu da ake bugawa bisa doki, watau dangin tamburanmu ne.

Yanzu 'yan makaranta da 'yan agaji da badujala suke fareti, ba laifi, gama a kanti ake sayenta, kowa na iya koya. Amma tambari ba a sayensa a kanti. Sanin itacen da za a sara, da yadda ake jeme fata, da taken kowane Sarki da kowane hakimi, duk a kan tsofaffin gidajen makaɗa yake, ɗa ya gada wajen uba. In tsoho ya rasu bai koya wa kowa ba, ya tafi da shi ke nan. Rijiyar Kusugu an gina mata ɗaki, an tsare ta. Ya kamata wanda Allah ya ba sanin karatu da rubutu ya sami tsofaffin nan tun suna da rai, ya rubuta take da sunayen kayan kiɗa daga bakinsu, don jikoki su tarar.