Vespa: Babur Ɗin Masu Babbar Riga

Yau kam zan ɗan ajiye labarin soyayya gefe, in ɗauko tarihin wani abin hawa da mu marubuta muka daɗe muna yi wa rashin adalci. Duk littafin da ka buɗe, saurayi a Marsandi yake zuwa zance, ita kuwa Vespa, ko Besfa kamar yadda bakin Bakano ya saba, sai a miƙa wa Kawu mafaɗaci ko malamin firamare da albashi bai isa ba. Alhali kuwa akwai lokacin da in budurwa ta ji ƙararta a ƙofar gida, har tuntuɓe take yi wajen neman mayafi.

Asalinta daga ƙasar Italiya ne. Kamfanin Piaggio da aka kafa a 1884 jiragen sama yake ƙerawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har aka yi wa masana'antarsa ta garin Pontedera ruwan bama-bamai. Da ƙura ta lafa, sai Enrico Piaggio ya ga mutane sun talauce, hanyoyi sun lalace, babu mai kuɗin mota. Ya sa wani injiniyan jirgin sama mai suna Corradino D'Ascanio ya zana masa abin hawa mai araha. Abin dariya, shi wannan bawan Allah ba ya ƙaunar babur ko kaɗan, saboda sarƙa da baƙin mai da ke ɓata wa mutum tufafi. Don haka sai ya cire sarƙar, ya ɓoye injin a gefen tayar baya, ya kai giya hannun hagu, ya yi garkuwar ƙarfe a gaba, ya bar fili a tsakiya inda za a ajiye ƙafafu. A 1946 ta fito. Ma'anar sunan da harshensu ita ce rina ko zanzaro, saboda siririn ƙugunta da kuma kukan injinta. Kafin 1956 ta ƙare an ƙera guda miliyan ɗaya.

To mai karatu, ka dubi wannan ƙirar ka kuma dubi shigar Bakano. Mutum ya ɗauko babbar riga da ta sha bugu, ya karya hula, ina shi ina ɗaga ƙafa ya haye babur kamar mai hawan jaki? Vespa kuwa zama kawai ake yi, a tattare riga a ɗora kan cinya, babu sarƙar da za ta cafke ta. Ni a ganina wannan ne sirrin karɓuwarta a cikin ganuwa, fiye da komai. Ga ta kuma da iya ratsa lunguna irin na Koki da Yakasai da bayan Kurmi, inda mota ba ta isa ta kutsa kai ba.

Kakarta ta yanke saƙa ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ya shigo, Naira ta fi Dala daraja. Da gwamnatin Gowon ta amince da ƙarin albashin Udoji na 1974, aka biya ma'aikata ariyas a dunƙule, sai akawu da malamin makaranta suka jingine keke. Wasu suka sayi Honda ko Suzuki na Japan, masu son a ce musu dattawa kuwa suka nufi Vespa. Ina yarinta a ƙarshen shekarun 1980 na riski sauran wannan zamani. A filin nan na gaba ake tsayar da mu, mu riƙe kan babur, iska na dukan fuska, mahaifi na cewa kada a taɓa hon.

Daga 1986, da tsarin SAP na Babangida ya karya Naira, sabuwa ta gagari talaka. Sai acaɓa ta bunƙasa, Vespa kuwa ba ta dace da wannan sana'a ba. Daga baya Jincheng na Sin ya cika gari da araha.

A nan ne aikin gyara ya zama sana'a mai zaman kanta. Bakaniken Vespa daban yake da na sauran babura, domin injinta sai an gauraya fetur da baƙin mai, in aka kuskure awo fistin ya kama. Wayoyin giya da na kuloci kuma ta cikin jikinta suke bi, zura su kaɗai sai wanda ya ƙware. In tsohuwa ta zo hannu, za a kwance ta kaf, mai walda ya cike inda tsatsa ta cinye a matakin ƙafa, mai fenti ya kankare ya fesa, mai ɗinkin kujera ya yi nasa. Kayan gyara da yawa na Indiya ne, tunda kamfanin Bajaj ya ƙera Vespa da izinin Piaggio har zuwa 1971, sannan ya ci gaba da tasa mai suna Chetak. Shi ya sa wajen ciniki tambayar farko ita ce, 'yar Italiya ce ko 'yar Indiya? Dillali zai rantse maka, amma mai hankali sai ya duƙa ya duba lambar jiki da ta inji.

Abin da ke damuna shi ne masu wannan ilimi tsufa suke yi, yaransu kuma sun koma gyaran A Daidaita Sahu, musamman tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013. Ba su ma san cewa kakan A Daidaita Sahun, wato Ape da Piaggio ya fitar a 1948, daga jikin Vespa aka ciro shi ba. A Turai masu tara kayan tarihi rububin tsofaffin suke yi da kuɗi masu kauri. Mu kuwa a nan, in mai ita ya rasu, sai a jingine ta a soro ta shekara tana shan ƙura, ranar da aka zo rabon gado a kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli.