Daga sansanin ƴan gudun hijira zuwa gasar duniya: tarihin ƙungiyar kurket ta Afganistan

Wata rana a darasin labarin ƙasa na nuna wa ƴan ajina Afganistan a taswira, na ce kowa ya faɗa mini abin da ya sani game da ita. Amsoshin ba su wuce uku ba: yaƙi, Taliban, bom. Ina shirin wucewa sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ai suna da Rashid Khan." Na ɗauka wani kwamandan yaƙi ne. Ashe ɗan wasa ne, yaron kuwa gidansu ana kamo tashoshin Indiya, can yake ganinsa. Kunyar da na ji ran nan ita ta sa na bi diddigin zancen, abin da na samu kuma na ga ya dace ƴan uwana malamai da iyaye su ji shi.

Kurket baƙon wasa ne a wurinmu, dalili kuwa a fili yake. Turawan Ingila suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mulka, mu kuma Faransa ce ta mulke mu, ta bar mana tamola. In akwai wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, mai yiwuwa a fim ɗin Indiya mai suna Lagaan ne, inda ƙauyawa suka kara da Turawa a kan haraji. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mai bugu ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana kare su, mai jifa ya auno su da ƙwallo mai tauri. In mai bugu ya make ƙwallon, shi da abokinsa su yi ta gudu tsakanin iyakoki biyu, kowane zuwa maki ɗaya. In ƙwallon ya fita fili a ƙasa maki huɗu, in a sama ya tsallake maki shida. In aka kada sandunan, ko aka cafe ƙwallon kafin ya taɓa ƙasa, mai bugu ya fita, wani ya shigo, har mutum goma su fita. Wasan iri uku ne: na kwana biyar, wanda shi ne mai daraja a wurin masu abin, da na wuni guda, da gajere da ake kira T20, mai kamar awa uku.

Ingila ta yaƙi Afganistan har sau uku, amma ba ta taɓa zaunar da mulkinta can yadda ta yi a Indiya ba, saboda haka kurket bai yi saiwa a ƙasar ba. Wasansu na gado shi ne buzkashi, inda mahaya dawaki suke kokawar ɗauke gawar akuya. Gudun hijira ne ya kawo musu kurket. A Disamban 1979 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar, miliyoyin mutane suka tsallaka Pakistan, da yawansu suka zauna a sansanoni kewayen birnin Peshawar, irin su Kacha Garhi. Yaran da suka tashi a nan sun tarar kurket shi ne numfashin Pakistan, musamman bayan ta ci kofin duniya a 1992 ƙarƙashin Imran Khan. Ba su da kayan wasa. Sai su sami ƙwallon tanis su nannaɗe shi da salatif don ya yi nauyi da santsi, su sassaƙa katako, su kafa bulo ko tsinke a madadin sanduna. Duk wanda ya taɓa buga tamolar tsumma a lungu ya san irin wannan dabarar.

Cikin waɗannan yara akwai Taj Malik, wanda daga baya ya zama mai horarwa na farko, ake kuma ce masa uban kurket na Afganistan. Akwai Nawroz Mangal da ya zama kyaftin, da Mohammad Nabi, haifaffen 1985, wanda har yanzu tarihin ƙungiyar ba ya cika sai da sunansa. An kafa hukumar wasan a 1995. Taliban a mulkinsu na farko sun takura wa wasanni, amma a 2000 suka yarda da kurket, a 2001 kuma hukumar kurket ta duniya, ICC, ta karɓi Afganistan a matsayin ƙaramar mamba, wato ta matakin can ƙasa. Da farko mutanen Kabul da na arewa kallon wasan Pashtun suke masa, wasan da aka ɗebo daga Pakistan. Nasara ce ta wanke masa wannan tabo sannu a hankali.

Inda labarin ya fi burge ni shi ne tsakanin 2008 da 2009. A lokacin ICC tana da gasa mai hawa-hawa don ƙananan ƙasashe: ka ci rukuninka, ka hau na sama, ba ruwan kowa da ko kai ɗan wane ne. A watan Mayun 2008 Afganistan ta je Jarsi, wani ɗan tsibiri tsakanin Faransa da Ingila, don buga rukuni na biyar, tare da ƙasashe irin su Japan da Jamus da Nepal. Ta doke masu masaukin a wasan ƙarshe. A Oktoba ta ci rukuni na huɗu a Darussalam ta Tanzaniya. A Janairun 2009 ta ci rukuni na uku a Buenos Aires ta Ajantina. A Afrilu ta isa Afirka ta Kudu neman gurbin kofin duniya na 2011. Gurbin ya kuɓuce mata da kaɗan, amma ta sami izinin buga wasannin wuni guda na hukuma, ta kuma buɗe da doke Sikotilan da maki 89. Duka wannan cikin abin da bai cika shekara guda ba. An yi fim na gaskiya a kan tafiyar, ya fito a 2010.

A nan na tsaya na yi tunanin aikinmu. Hazaƙar yaran sansanin tana nan tun 1990, amma sai da aka kafa mata tsani kafin duniya ta gan ta. Mun san wannan a kokowa: ɗan kokowa daga ƙauye yake farawa, ya hau gunduma, ya hau jaha, kafin ya tsaya neman takobi gaban ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa kokowarmu ba ta rasa gwanaye. Awar motsa jiki kuwa a lakol, mu faɗi gaskiya, ita muke fara cinyewa in muna son cike gurbin lissafi, ni ma na sha yin haka.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. A 2010 suka buga kofin duniya na T20 karo na farko, Indiya da Afirka ta Kudu suka doke su. A Oktoban 2013 suka doke Kenya a Sharja, suka sami gurbin babban kofin duniya na 2015. A can, a garin Dunedin na Niyu Zilan, suka ci wasansu na farko a gasar, da Sikotilan kuma, saura mutum ɗaya tak su ƙare. Samiullah Shenwari ya tara maki 96, Shapoor Zadran, mai jifa dogo mai dogon gashi, shi ya buga makin ƙarshe ya ruga da gudu ya faɗi rubda ciki a fili. A 2016 suka doke West Indies, ƙungiyar tsibiran Karibiyan, a gasar T20 da ita West Indies ɗin ta ɗauki kofinta. Ranar 22 ga Yunin 2017 aka ba Afganistan da Ailan cikakken matsayi, suka shiga sahun ƙasashe goma sha biyu masu ikon buga wasan kwana biyar. Shekara tara ke nan daga Jarsi.

Kada a ɗauka hawan ba gargada. Wasansu na farko na kwana biyar, da Indiya a Bangalor a Yunin 2018, cikin kwana biyu aka gama da su. A kofin duniya na 2019 wasa tara suka buga, tara aka cinye su, bayan hukumarsu ta sauke kyaftin Asghar Afghan ana gab da tafiya, shawarar da manyan ƴan wasan da kansu suka soka a bainar jama'a. A Mayun 2018 bom ya tashi a filin kurket na Jalalabad cikin azumi, mutum takwas suka rasu. Sannan ga wani abu da ban taɓa jin irinsa ba: ƙungiyar ba ta taɓa karɓar baƙuncin wasan ƙasa da ƙasa a gida ba. Gidanta na aro ne, wani lokaci Sharja ko Abu Dabi, wani lokaci Noida ko Dehradun ko Laknau a Indiya. Ku kwatanta Mena ta shekara ashirin ba ta taka filin Seyni Kountché ba.

Rashid Khan da ɗalibina ya ambata an haife shi a 1998 a lardin Nangarhar, shi ma iyalinsa sun yi zaman Pakistan. Gwanintarsa murɗa ƙwallo da wuyan hannu, ya faɗi ƙasa ya karkace inda mai bugu bai zata ba, da sauri kuma fiye da sauran masu irin wannan jifa. A 2017 aka saye shi a gasar kulob-kulob ta Indiya, wadda ta fi kowace kuɗi a duniyar kurket. Wannan ya buɗe wa ƴan ƙasarsa ƙofa, kuɗi da gogewa suka fara shigowa. Sai ƙasar ta zama matattarar masu murɗa ƙwallo, bayansa ga Mujeeb Ur Rahman, ga Noor Ahmad.

Kofin duniya na 2023 a Indiya shi ya tabbatar cewa ba sa'a ba ce. Kwanaki kaɗan bayan girgizar ƙasar Herat, suka doke Ingila mai riƙe da kofi da maki 69 a Delhi. Suka doke Pakistan a Chennai, ƙasar da a lungunanta suka koyi wasan, karo na farko a wasan wuni guda. Suka ƙara da Siri Lanka da Holan. Sun kusa kada Ostiraliya ma, don sun fitar da mutum bakwai tana da maki 91 kacal, sai Glenn Maxwell, ƙafafunsa na ɗaurewa, ya tara 201 shi kaɗai ya ƙwace wasan. Suka ƙare na shida cikin goma. A Yunin 2024, a kofin T20, suka rama: suka doke Niyu Zilan da maki 84, Ostiraliya da 21, sannan Bangaladash, suka kai wasan kusa da na ƙarshe karo na farko. Dubban mutane suka cika titunan Kabul da Jalalabad da Khost. Afirka ta Kudu ta tsayar da su, duka ƙungiyar ta fita da maki 56. A Fabrairun 2025 suka sake doke Ingila a Lahore, Ibrahim Zadran ya tara 177.

Da na koma aji na ba su wannan labari, wata yarinya ta tambaye ni, "To mata fa, su ba su yi?" Tambayar nan ita ce wuyar labarin. A Nuwamban 2020 hukumar ta ba mata 25 kwantaragi don kafa ƙungiyar ƙasa. Ba su kai ga buga wasa ba, a Agustan 2021 Taliban suka dawo mulki. Aka hana mata wasanni, aka rufe wa ƴan mata makaranta daga bayan aji shida, a Disamban 2022 aka haɗa da jami'a. Akasarin ƴan wasan suka tsere Ostiraliya. Ƙungiyar maza da gudun hijira ya haifa tana cin kofuna, ta mata kuma yanzu ta fara nata gudun hijirar.

Ƙa'idar ICC ta ce cikakkiyar mamba ta kasance tana da kurket na mata, amma ba a dakatar da Afganistan ba. Ostiraliya ta fasa wasanninta da su har sau uku saboda wannan, ko da yake tana karawa da su a gasar duniya, abin da wasu suke kira fuska biyu. Masu neman a ƙaurace musu suna kawo misalin Afirka ta Kudu, da aka ware daga wasanni lokacin wariyar launin fata. Wasu kuma suna cewa hukunta ƴan wasan ba zai buɗe aji ko ɗaya ba, sai dai ya raba talakan ƙasar da abu guda da ke faranta masa rai. Ƴan wasan har yau tsohuwar tuta mai baƙi da ja da kore suke ɗagawa, ba farar tutar Taliban ba. A Disamban 2024, da aka hana mata koyon ungozoma da aikin jinya, Rashid Khan da Mohammad Nabi sun fito fili sun nemi a janye, suna kafa hujja da matsayin ilimi a Musulunci. Ni na fi karkata ga a bar su su yi wasa, amma da sharaɗin a yanki kaso daga kuɗin da ICC ke ba hukumarsu a ba matan, tun da da sunan ƙasar duka ake karɓarsa. Na san malamar da take koyar da ƴan mata tana iya ganin na yi sassauci, kuma ba zan ce ta yi kuskure ba.

Abin da na iya gaya wa ɗalibata shi ne, ranar 30 ga Janairun 2025 matan sun taru a Melbourne sun buga wasansu na farko tare, na sada zumunci, ba da sunan ƙungiyar ƙasa ta hukuma ba, don hukumarsu ba ta amince da su ba. A Afrilun 2025 ICC ta sanar da asusun tallafa musu, tare da hukumomin Indiya da Ingila da Ostiraliya. Ta ce, "Sun ci?" Na ce a'a, an cinye su. Ta rubuta kwanan watan a bayan kayenta, muka koma kan duwatsun Hindu Kush.