Baƙo ko baƙi: kare da launin fata a tarihin ƙasar Magariya da Dungas

Mu fara da wata matsala ta rubutu. A boko, jimlar «kare yana haushin baƙi» tana ɗaukar ma'ana biyu: bàaƙii, jam'in baƙo, ko kuwa baƙii, wato launi. A baki, tsawon wasali da karin sauti sun raba su. Tambayar da muke son dubawa tana cikin wannan ruɗani: abin da kare yake ƙi, baƙunta ce ko launi?

Inda tarihi ya nuna karnuka suna zaɓen baƙar fata, mutum ne ya hore su. A 1803 Janar Rochambeau ya sa aka kawo karnuka daga Kuba don farautar bayin da suka yi tawaye a Saint-Domingue, wato Haiti ta yau. A 1963 ƴan sandan Barmingam, a Amurka, sun saki karnuka a kan baƙaƙe masu zanga-zanga. Irin wannan kare ne Romain Gary ya gina littafinsa Chien blanc a kansa a 1970.

A ƙasar Sosebaki, wadda Dungas take cikinta, lamarin ya juya. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, ayarin Tilho kuma ya shata iyaka da Najeriya tsakanin 1906 da 1908, amma nasara bai taɓa yawa a karkara ba. Karen ƙauye yana iya tsufa bai gan shi ba. Aikin Scott da Fuller na 1965 ya nuna cewa ɗan kwikwiyo yana sabawa da mutane ne tsakanin mako 3 da mako 12. Wanda bai saba da irinsa a lokacin ba, yakan ɗauke shi abin tsoro. Kumandan kuwa baƙo ne ta kowace fuska: malfa, takalmi, wari, tafiya, harshe.

Sai dai kada mu manta cewa ba shi kaɗai yake zuwa ba. Gardawan da ke karɓar haraji da kamun mutane zuwa aikin dole, har aka soke shi a 1946, baƙaƙe ne kamar mutanen gari. Kare yana lura da maigidansa. In mutanen gida sun firgita, shi ma ya tashi, bai tsaya duban fatar mai zuwa ba.

A ganinmu haka za a fahimci haushin da karen manomi yake yi wa makiyayi in an sauko bayan girbi. Hausa takan kira Bafillace ko Buzu «jan mutum», amma binciken Neitz da abokansa na 1989 ya tabbatar kare ba ya raba ja da kore, ko da yake yana raba haske da duhu. Abin da ke gabansa shi ne sanda, rawani mai rufe fuska, warin garke, da muryar mai gona in ta hau saboda ɓarna.