Wiwin Maroko: tarihin gonar da ta cinye manominta

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, mun kama wani ɗan aji da ƙullin wiwi a cikin jakarsa. Da aka kira mahaifinsa, muka zaunar da yaron, bai yi musu ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Cewa ya yi: "Mushe, ai Maroko ma ƙasar Musulmi ce, kuma gwamnatinsu ta halatta noman ta." Uban ya dube ni yana jiran in ƙaryata. Ban iya ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganar, rabi ce dai kawai. Sauran rabin nake so in kawo wa ƴan'uwana malamai da iyaye, don kada yaro ya sake ɗaure mu da jijiyarmu.

A arewacin Maroko akwai jerin duwatsu da ake kira Rif, suna fuskantar teku da ƙasar Sifaniya. Ƙasa ce mai gangare, mai tsakuwa, alkama da sha'ir ba sa yin abin kirki a cikinta. Mutanen wurin sun daɗe suna shuka wiwi kaɗan a gefen gona, suna yanka ganyen su gauraya da taba, su sha a wani siririn lofe. Sunanta a wurinsu kif. Wajen 1890 Sarki Hasan na Ɗaya ya yarda wasu ƙauyuka biyar na yankin Ketama su ci gaba da nomanta, ya taƙaita wa sauran. Ba don ya ga alheri a cikinta ba: ƙabilun dutse ne masu wuyar juyawa, ya sayi zaman lafiya da su.

Da Turawa suka raba ƙasar a 1912, Faransa ta ɗauki kudu, Sifaniya ta ɗauki arewa. Wani kamfani mai jarin Faransawa ya riƙe cinikin taba da kif shi kaɗai, yana saye a hannun manoma, yana sayarwa a fili, hukuma na karɓar rabonta. Wanda ya fito ya haramta ta ƙiri-ƙiri ɗan ƙasa ne, Abdulkarim al-Khaɗɗabi, jagoran da ya yaƙi Sifaniyawa ya kafa jamhuriyar Rif daga 1921 zuwa 1926. Shi ya ce ta saɓa wa addini. Wannan na so ɗalibina ya ji da kyau. Da aka ci shi da yaƙi, noman ya dawo. Faransa ba ta haramta a yankinta gaba ɗaya ba sai 1954, ana saura shekara biyu ta tafi.

Bayan samun ƴancin kai a 1956, doka ta hana a duk ƙasar, amma aka kau da kai daga tsofaffin ƙauyukan nan. Rif ta yi tawaye a 1958, aka murƙushe ta da ƙarfin soja, sannan aka bar ta shekaru babu hanyoyi, babu masana'antu. Ana cikin haka, a shekarun 1960 da 1970, matasan Turai ƴan yawon duniya suka fara zuwa, aka koyi tankaɗe busasshen tsiron a fitar da garin danƙonsa, a matse shi kamar sabulu. Shi ne hashish. Daga ranar kif ta tashi daga abin shan tsofaffi ta zama kayan fatauci zuwa Turai.

A 2003 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya auna gonakin tare da gwamnatin Maroko: hekta 134,000, mutane kusan 800,000 na rayuwa a kai. Manoman duka sun samu kimanin dala miliyan 214 a shekarar, alhali kayan ya juya kusan dala miliyan dubu 12 a kasuwa. Na sa ƴan ajina sun yi lissafin a allo. Cikin kowace dala ɗari, mai fartanya bai samu biyu cikakku ba.

Inda labarin ya fi taɓa ni, a matsayina na ɗan manomi, shi ne abin da ya sami ƙasar noman kanta. Irin gargajiya, wanda suke kira beldiya, yana jure fari, ruwan sama ya ishe shi, ana girbe shi da rani. Da hukuma ta matsa da sare gonaki, manoma suka koma ga irin da aka haɗa a Turai, mai ba da danƙo da yawa a ɗan fili. Shi kuwa mashayin ruwa ne. Aka shiga haƙa rijiyoyi masu zurfi, ana janye ruwan ƙoramu da injin, ana sare dajin dutse. Yana kuma daɗewa a gona, furensa ya yi cunkus, kuma duk manomi ya san abin da laima ke yi wa cunkusasshen kai idan ya kusa nuna: ruɓa ke farawa daga ciki, sai an buɗe a gani. Ga ƙwari, waɗanda ba abin da suke so kamar gona mai iri ɗaya shekara da shekaru. Maganin sai taki da feshi, feshin kuma ya bi gangare ya koma ruwan sha. Manomin da ake nema ruwa a jallo ba zai je wurin malamin gona ya ce zo ka duba mini ba. Abin da mai shago ya miƙo masa shi zai fesa, shi kuma wani yaro zai zuƙa.

Mu a Maraɗi da Damagaram mun ɗanɗana irin wannan da gyaɗa. Iyayenmu sun ba ta gonaki mafi kyau, sai fari ya zo, cutar da ƙwari ke yaɗawa ta biyo baya a 1975, aka wayi gari babu gyaɗar, rumbun gero kuma babu kauri. Bambancin shi ne su ba su taɓa gudun jandarma saboda gonarsu ba. A Rif dubban magidanta sun yi shekaru ba sa iya sauka gari sabunta katin ɗan ƙasa, don tsoron kamu.

To, ina halattawar? A 2021 majalisar Maroko ta amince da doka mai lamba 13-21, wadda ta yarda a noma don haɗa magani da aikin masana'antu, da lasisi, a larduna uku kawai: Al Hoceima, Chefchaouen da Taounate. Sha don maye yana nan a haramce. A watan Agusta na 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yi wa manoma fiye da 4,800 afuwa. Fataucin ɓoye bai tsaya ba, kuma wani sashensa ta kanmu yake bi, ta Mali zuwa Nijar zuwa Libiya. A 2018 an kama fiye da tan biyu a Yamai.

Na maimaita wa yaron wannan duka a gaban mahaifinsa. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko shi Abdulkarim ɗin yana cikin littafin tarihinmu. Na ce babu. Uban ya karɓi jakar, ya ce ranar Asabar tare za su tafi gona.