Daga Dogari zuwa Ɗan Sanda: Wa ke Gadin Ƙauye?

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo ya ratsa ƙasar Rimin Gado zai ga gonaki haɗe da juna, gidaje warwatse a tsakaninsu, daga Gulu zuwa Jili har Yalwan Danziyal. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen wannan ƙaramar hukuma sun haura dubu ɗari. To, in dare ya raba, ɓarawo ya kwance sa a turke, wa manomi zai kira? Amsar tana da tarihi.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, ƙarfin hukuma yana hannun dogaran Sarki, su kuwa a birni suke. Ƙauye da ido yake tsare kansa. Baƙo ba ya kwana sai mai unguwa ya sani, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai gaba. Da Turawa suka tilasta wa hakimai barin birni su zauna a gundumominsu, sai wannan sarƙa ta ƙara ƙarfi. Daga baya aka kafa 'yan doka a ƙarƙashin En'e, waɗanda Alhaji Ado Bayero ya shugabanta a matsayin Wakilin Doka kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Ɗan doka ɗaya a ƙofar hakimi kan isa ƙauyuka da dama, domin labari ya kan riga shi zuwa.

Sai dai tsarin yana da muninsa. Hannun da ke kama ɓarawo shi ke karɓar haraji da jangali, kuma bayan kafuwar NEPU a 1950 an sha amfani da 'yan doka wajen gallaza wa 'yan hamayya. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai, sannan sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya.

An yi maganin wata cuta, amma an raba kunne da hannu. Dagaci yana jin labari, ba shi da ikon kamu. Ɗan sanda yana da ikon, amma sau da yawa baƙo ne, ofishinsa na hedikwatar ƙaramar hukuma, motar sintirinsa kuwa ba ta shiga burtali da damina. Wannan giɓi ne 'yan banga ke cikewa da gora da tocila, ba horo, ba albashi tsayayye.

Yau da ake ta muhawarar 'yan sandan jihohi, tarihi na yi mana gargaɗi biyu. Ƙara yawan jami'ai da motoci wajibi ne, amma ba zai wadatar ba muddin ba a maido da mai unguwa cikin sarƙar tsaro ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka kuma duk rundunar da za a miƙa wa gwamna, tilas a ɗaure ta da doka da kotu, don kada jikokin 'yan NEPU su sake ɗanɗanar abin da kakanninsu suka sha.