Daga Masauki Zuwa Haya a Ƙauyukan Ƙasar Hausa

A zamanin da, idan baƙo ya doshi ƙauye, ko matafiyi ne da dare ya riske shi, ko almajiri mai yawon neman ilmi, ba ya tambayar nawa ake ba da ɗaki, sai dai ya yi sallama a ƙofar mai gari, shi kuwa ya sa a kai shi zauren wani dattijo, a tarye shi da ruwa da fura, domin jama'a sun ɗauki girmama baƙo a kan alamar imani. Falken da ya fito daga Gwanja da goro kuwa yana da fatomansa, wanda zai sauke shi, ya adana masa haja, ya nemo masa masu saye, sa'an nan ya karɓi la'adarsa daga ciniki.

Shari'a ba ta taɓa hana haya ba, gama malamanmu sun daɗe suna karanta hukuncin ijara a cikin Risala da Muhtasar, inda aka sharɗanta a san ajali, a kuma san kuɗin da za a biya. Bukatar haya ce ba ta taso ba, tun da ga fili a yalwace, ga ƙasar gini da kara, ga kuma gayya.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, ma'aikata masu albashin wata suka yawaita, sai haya ta zauna da gindinta a birane. Ƙauye bai ji ta sosai ba sai bayan 1976, shekarar da aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta, aka kuma yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka watsa malaman makaranta da na asibiti cikin karkara. Mutumin da zai shekara uku da iyalinsa ya wuce zaman zaure. Saboda haka 'yan garin da suka yi arziki a birni suka gina gidajen bulo da kwano, suka ba da su haya.

Babu laifi ga mai gida ya karɓi haƙƙinsa. Amma wajibi ne ya tuna cewa malamin nan da ya baro danginsa don ya karantar da 'ya'yan garin maƙwabci ne, kuma biyan kuɗin haya ba ya kayar da haƙƙin maƙwabtaka.